Keken lantarki mai ƙafa ɗaya: in ya kaɗe mutum, wa zai biya?

Duk ɗan kasuwar da ke da dillali a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ko a Dubai, ya san halinsu: kusan kowace safiya sai sun turo masa hotunan sabbin kaya a waya, da farashi, da alkawarin cewa wannan ita ce hajar da za ta ci kasuwa bana. To a cikin irin waɗannan hotuna ne wani abokina mai sayar da kayan moto ya nuna mini wani abin hawa mai taya ɗaya tak, ba sirdi, ba hannun da za a riƙe, wani saurayi yana tsaye a kansa yana ratsa motoci kamar iska. Ya ce yana tunanin ya sa a jefa masa guda goma cikin kwantenarsa ta gaba, ko za su karɓu a wajen ƴaƴan masu hali na Yamai da Kano. Na ce masa ni tambayata daban take: ranar da wanda ka sayar wa ya kaɗe yarinya mai tallan goro a bakin kasuwa, wa zai biya kuɗin magani? Ya yi dariya, ya ce ai wannan ba matsalar mai sayarwa ba ce. Ni kuwa ina ganin matsalar kowa ce, kuma gara mu yi maganarta tun kwantenar ba ta taso ba.

Bari mu fara da sanin abin kansa, domin da yawa ba su taɓa ganinsa ido da ido ba. Taya ce guda kamar ta ƙaramin moto, injinta yana cikin cibiyarta, batir kuma yana cikin kwanson da ya rufe ta. Mutum yana ɗora ƙafafunsa a kan wasu ƴan matakai biyu na gefe, ya tsaya a miƙe. In ya karkata gaba sai ta tafi, in ya ƙara karkata ta ƙara gudu, in ya jingina baya sai ta rage ko ta tsaya. Akwai wata ƴar na'ura a ciki da ke auna karkatar mahayi a kowane lokaci, tana umurtar inji ya bi shi ya tare shi kafin ya faɗi. Wani ɗan asalin ƙasar Sin mazaunin Amurka mai suna Shane Chen ne ya fito da samfurin da ya fara shahara, wato Solowheel, wajen shekarar 2011, amma a yau kamfanonin ƙasar Sin ne ke riƙe da kasuwar, irin su InMotion da King Song da Begode. Na farkon ba su da nauyi sosai, gudunsu kuma kamar na keke ne. Na yanzu akwai masu nauyin kilo 30 zuwa 40 da ke iya yin kilomita 70 a awa, gudun da ɗan kabu-kabu mai hankali ba ya yi a cikin gari.

Ga kuma aibinsa, wanda dillali ba zai rubuta maka ba. Injin da ke tafiyar da shi, shi ne ke riƙe da mahayi kada ya kifa, shi ne kuma birki. Ranar da aka nemi ƙarfin da ya fi na inji, ko batir ya yi sanyi aka ci gaba da matsa masa, ko aka faɗa rami da gudu, sai ya saki. Moto in ya mutu yakan gangara a kan tayoyinsa biyu har ka samu gefe. Wannan in ya saki, mahayi ya ci ƙasa da fuska, ita kuwa tayar tana iya ci gaba da birgima ita kaɗai, kilo 30 na ƙarfe da batir, ta nufi duk wanda ke gabanta. Wanda ya hau dai shi ya zaɓi haɗarinsa da kansa. Tsohuwar da ke tsallaka hanya ba ta zaɓi komai ba, kuma saboda irinta ne aka ƙirƙiro inshorar ɓarnar da mutum ya yi wa wani, wadda a nan muka fi sani da asirans. Ba ta gyara maka abin hawanka, ba ta yi maka magani. Wanda ka ji wa ciwo take biya.

Tunda a Turai ne aka fi hawan wannan keke a kan titi, kuma a can ne aka yi shekaru ana kai ruwa rana a kansa, ya kamata mu duba yadda suka yi, domin ba su bi hanya ɗaya ba.

Faransa ta ba shi gurbi a doka. A ranar 23 ga Oktoba 2019 gwamnatin ƙasar ta fitar da dokar da ta buɗe wani sabon rukuni a cikin ƙa'idojin hanya, na ƙananan abubuwan hawa masu inji da mutum ɗaya ke hawa, ta saka wannan keke a ciki tare da sikuta ta lantarki, wadda su ke kira tirotinet. Sharaɗi na farko shi ne kada ƙirarsa ta bar shi ya wuce kilomita 25 a awa. Wanda aka kama da wanda ya wuce haka yana iya biyan tarar yuro 1,500, kusan miliyan ɗaya na sefa ke nan. A cikin gari sai ya bi hanyar kekuna in akwai, in babu ya bi titin da ba a wuce kilomita 50 a kansa. Hawa kan dandamalin masu tafiya da ƙafa tarar yuro 135 ce, wato kusan jika 89. Ba a goyo, ba a toshe kunne da abin jin kiɗa, sai da fitila gaba da baya. Da farko ɗan shekara 12 yana iya hawa, amma daga Satumba 2023 aka mayar da shi 14.

Sai kuma babbar magana. Tunda inji ne ke tafiyar da shi, dokar inshora ta Faransa tana kallonsa kamar yadda take kallon mota da moto, saboda haka asirans wajibi ne. Mutane da yawa a can sun ɗauka inshorar gidan da suke haya ta wadatar, alhali galibi ba ta shafi abin hawa mai inji, sai an yanki tata daban. Ba ta da tsada, ƴan yuro ƙalilan ne a wata. Wanda aka kama ba shi da ita, tarar nan take yuro 500 ce, jika 328 ke nan, in kuma magana ta kai kotu tana iya kaiwa yuro 3,750, kusan miliyan biyu da rabi na kuɗinmu. To amma fa tara ita ce ƙaramar azaba. Tun 1985, a ƙarƙashin dokar da ake kira da sunan ministan shari'a na lokacin, Robert Badinter, mai tafiya da ƙafa da abin hawa mai inji ya kaɗe yana da haƙƙin diyya ko da shi ma ya yi sakaci, sai a wasu ƴan lokuta ƙalilan. In mai abin hawan ba shi da asirans, akwai wani asusun lamuni da aka kafa tun 1951 wanda zai biya wanda aka kaɗe, sa'annan ya juyo kan mahayin ya ce ya mayar masa da kuɗinsa. In ciwon ya kai ga naƙasa, saurayi yana iya tsufa yana biyan bashin minti ɗaya.

Jamus kuwa ta yi abin da, a ganina, shi ne mafi muni, ko da yake a takarda ya fi kama da tsantseni. Tata dokar ta fara aiki a ranar 15 ga Yuni 2019, ta ce ƙaramin abin hawa na lantarki yana iya hawa titi in gudunsa bai wuce kilomita 20 ba, in yana da birki biyu, in an ba samfurinsa takardar izini, in kuma an manna masa ƴar takardar asirans a baya, wadda launinta ke canzawa kowace shekara daga 1 ga Maris domin ɗan sanda ya gane ta daga nesa. Duk wannan daidai ne. Sai dai an sa wani sharaɗi guda: dole abin ya kasance yana da hannun da ake riƙewa. Sikuta tana da shi, ta shige. Keke mai ƙafa ɗaya ba shi da shi, kuma ba zai taɓa samu ba, domin rashin hannun shi ne ƙirarsa. Saboda haka ba ya samun takardar izini, kamfanonin inshora kuma ba sa manna takardarsu a kan abin da ba shi da izini. Amma duk da haka doka tana lissafa shi cikin abubuwan hawa masu inji, waɗanda hawa su a titi ba asirans laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara ɗaya, ko tara. Wato an ce maka dole ka yanki asirans, an kuma rufe tagar da ake sayar da ita. Sayen keken ba laifi ba ne, sayar da shi ma ba laifi ba ne, ana kuma ganin masu hawansa a manyan birane. Abin da dokar ta cim ma kawai shi ne, duk wanda ka gani a kansa a titin Jamus, ba shi da mai tsaya masa in ya yi ɓarna.

Ingila ma kusan haka take. Dokar hanya ta 1988 tana ɗaukarsa a matsayin abin hawa mai inji, ba ya kuma cika sharuɗɗan rajista, don haka sai a filin wani da izinin mai fili. A kan titi, tarar fam 300 ce da maki shida a lasisin tuƙi saboda rashin inshora, kuma ƴan sanda suna iya ƙwace shi. Abin dariya ma, dokar da ke hana shi hawa dandamalin masu tafiya da ƙafa ta 1835 ce, an rubuta ta ne saboda dawakai da keken doki, tun kafin a san mota. Su ma dai, kamar Jamus, suna da asusun da ke biyan wanda marar inshora ya kaɗe, amma kuɗin daga aljihun masu motar da suka yanki tasu yake fitowa. Ita Tarayyar Turai, a gyaran da ta yi a 2021, ta ja layi mai sauƙin ganewa: duk abin da inji kaɗai ke turawa, in gudunsa ya wuce kilomita 25, ko kuwa nauyinsa ya wuce kilo 25 gudunsa kuma ya wuce 14, to sai da asirans. Manyan kekunan da dillalai ke tallatawa yanzu duk sun tsallake wannan layi.

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu, mu da ke fama da rairayi da ramuka da ɗaukewar wuta? Gaskiya ne, ba na zaton gobe za a wayi gari a ga taya ɗaya ta cika hanyar Konni zuwa Illela, ko ta Ɗan Isa zuwa Jibiya. Ba ta son yashi, ba ta ɗaukar buhu, ba ta goyon fasinja. Wasan ƴaƴan masu kuɗi ne a unguwannin da ke da kwalta. Amma ƴan uwanta suna nan tafe, wasu ma sun iso. Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayu 2023, farashin mai ya tashi a ɓangarori biyu na iyaka, mutane suka fara duban abin da ke tafiya da caji. A Benin da Togo kamfanin Spiro ya zuba motocin kabu-kabu masu batir a kan titi. Kekuna masu batir da sikuta suna shigowa cikin kwantenoni tare da fanka da fitilun sola. Dukkansu tambaya ɗaya ke bin su, keke mai ƙafa ɗaya dai shi ne ya fi fito da ita fili, domin shi ne babu wanda ya san layin da zai rubuta shi.

Kuma kada a ɗauka ba mu da doka. Nijar tana cikin ƙasashe 14 da ke aiki da kundin inshora na CIMA, tare da Benin da Togo da Kamaru da Cadi da Burkina Faso da Mali da sauransu. An sa hannu a yarjejeniyar a birnin Yaounde a 1992, kundin ya fara aiki a 1995. Sashe na 200 ya ce duk wanda zai sa abin hawa na ƙasa mai inji a hanya, sai ya kasance yana da asirans na ɓarnar da zai iya yi wa wani a jikinsa ko a dukiyarsa. Kundin bai ce injin fetur ba, bai ƙidaya tayoyi ba, inji kawai ya ce. A fahimtata, injin lantarki inji ne, kuma haka Faransa ta fassara irin wannan lafazi a nata kundin. Haka nan ya bi sawun dokar Badinter, inda ya ce wanda aka ji wa ciwo, in ba shi ne direba ba, ba a kafa masa hujja da sakacinsa, sai in da gangan ya nemi abin ya same shi. A hayin Najeriya ma wajabcin inshorar ya samo asali tun dokar 1945. A farashin da hukumar NAICOM ta fara aiki da shi a Janairu 2023, motar gida Naira 15,000 ce a shekara, adaidaita-sahu 5,000, babur 3,000, kuma daga 1 ga Fabrairu 2025 ƴan sanda suka shelanta fara kame a kanta. A wannan jeri ba a ambaci keke mai ƙafa ɗaya ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Mutumin kirki ya sayi keken, ya ce bari ya bi doka, ya je wajen mai sayar da asirans. Abin da za a fara tambayarsa shi ne kartigiris da lambar abin hawa da ƙarfin inji, domin da su ake yanke farashi. Ba shi da ko ɗaya. Ke nan mun faɗa ramin da Jamus ta faɗa, mu ba tare da wani ya zauna ya yanke shawara ba ma. Doka ta ce wajibi, tagar kuma ba ta san kayan ba. Jandarma a hanya shi ma bai san abin da zai tambaya ba, kuma kowa ya san yadda ake ƙarewa a duk inda ma'aikaci da mai abin hawa suka haɗu a kan abin da ba a rubuta ba: yau a ce wuce, gobe a ƙwace, jibi a daidaita a gefen hanya.

Mun taɓa ganin irin wannan. Lokacin da baburan Sin masu araha, su Jincheng da Kasea, suka malalo kasuwanninmu, babu wanda ya tsaya ya tambayi permi ko asirans. Mu ƴan kasuwa muka sayar, samari suka hau, sana'ar kabu-kabu ta ciyar da gidaje da yawa, wannan ba a musu. Amma a je ɗakin masu karaya a kowace babbar asibiti, ko gidan mai ɗori, a tambaya. Yadda aka saba shi ne, a kwashi wanda aka kaɗe, dangin mai moto su zo da ƴan jikkuna da ban haƙuri, dattawa su sa baki a ce ƙaddara ce a yafe, shi ke nan. Yafiya abu ne mai kyau, amma sau da yawa wanda ya yafe ba don ya so ba ne, don ya ga babu abin da zai samu ne. Shi zai sayar da akuyarsa ya sayi magani, shi zai yi wata uku ba ya fita nema. Da abin ya yi yawa kuma hukumomi suka ɗauko babbar sanda. Kano ta hana acaɓa a Janairu 2013, ko da yake matsalar tsaro ce kan gaba a dalilanta, Legas ma ta hana a manyan sassanta a 2020 ta sake a 2022. Waɗanda suka zuba jarinsu a babura da kayan gyara su suka kwana ciki. Abin da aka bari ya girma ba tsari, ƙarshensa hani ne na dare ɗaya, kuma ɗan kasuwa yana cikin masu asara.

Saboda haka ni ra'ayina shi ne a bi hanyar Faransa tun abin yana ƙarami, a gyara ta daidai da halinmu. Hukuma ta fito ta faɗa a rubuce cewa duk abin hawan da batir ke turawa ba tare da an taka feda ba, taya ɗaya ne ko biyu, abin hawa mai inji ne. A yanke masa iyakar gudu, a ce wanda ya wuce ta ba ya hawa titi. A hana shi shiga cikin kasuwa da tasha, inda mutane ke gugar juna. Sa'annan a buɗe masa layi a farashin asirans, mai araha kamar na ƙaramin moto ko ƙasa da haka, wanda za a yanka da lambar da kamfani ya buga a jikin keken, ba sai an jira kartigiris ba. In ana so abin ya yi aiki, to a wajen sayarwa za a kama shi: kada keke ya bar shago sai da takardar shekarar farko a manne a jikinsa, kuɗinta a cikin farashi. Wanda ya iya fitar da ɗaruruwan jikkuna ya sayi abin wasa, ba zai kasa ƴan jikkunan asirans ba. Ƴan duwan kuwa, da yake ta hannunsu kowane kaya ke bi, rubuta lambobin a takardar fito ba zai ƙara musu wani aiki ba.

Na san abin da wasu za su ce, domin na sha jin sa a rumfuna: asirans takarda ce kawai ta nuna wa jandarma, ranar biya sai a yi ta yawo da kai, kawo wannan takarda, dawo wata mai zuwa, har ka gaji ka bari. Ban ce ƙarya suke yi ba. Akwai ma takardun jabu da ake sayarwa a bakin tasha waɗanda ba su da kamfani a bayansu. Amma wannan hujja ce ta a matsa wa kamfanoni su biya, ba ta a bar mutane su hau ba komai ba. Kundin CIMA ya yanke wa kamfani wa'adin da zai gabatar wa wanda aka ji wa ciwo tayin diyya, ya kuma ɗora masa ƙarin kuɗi in ya yi jinkiri. Yawancinmu ba mu san da wannan ba, shi ya sa ake raina mu. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na direbobi, waɗanda ke iya rufe kasuwa saboda ƙarin haraji, suna iya ɗaukar lauya ɗaya da zai riƙa bin irin waɗannan takardu. Wanda ke da takarda ta gaskiya yana da ƙofar da zai buga. Wanda marar asirans ya kaɗe, sai dai ya kama rigar yaro ɗan shekara 17 wanda ko kuɗin cajin keken ubansa ke ba shi.

Wasu kuma damuwarsu ta addini ce, suna ganin akwai shubuha a inshorar kamfani. Wannan magana ce ta malamai, ba ta marubucin jarida ba. Abin da zan iya cewa shi ne, ɗaukar nauyin ɓarnar kuskure a tare ba baƙon abu ba ne a wajenmu, tunda a fiƙihu diyyar kisan kuskure a kan dangin mutum take, ba a kansa shi kaɗai ba. Akwai kuma tsarin takaful, na taimakekeniya, wanda aka fara a Sudan a 1979, Najeriya ma ta fitar masa da ƙa'idoji a 2013. Wanda bai natsu da wancan ba sai ya nemi wannan. Abin da ba na jin wani malami zai amince da shi, shi ne ka karya ƙafar mutum ka ce ba ka da abin biya.

Masu cewa a hana shigo da shi baki ɗaya kuma, ina roƙonsu su dubi tsawon iyakar da ke tsakanin Nijar da Najeriya, kusan kilomita 1,500, su kuma tuna yawan kayan da aka taɓa hanawa amma ba su taɓa yankewa a kasuwa ba. Abin da ke shiga cikin kwali ɗaya a bayan moto ba ya jin hani. Zai shigo, sai dai ya shigo ba lamba, ba rasit, ba wanda ya san mai shi.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ya rage ga mai shigo da kaya. Na farko, kada ya yi tunanin zai riƙo samfuri a jakarsa a jirgin sama. Ƙa'idar jiragen fasinja ba ta yarda da batirin da ya wuce awo 160 na abin da ake rubutawa Wh a jikinsa ba, na waɗannan kekuna kuwa daga ɗaruruwa yake farawa, manyan har dubbai. Ko a jirgin ruwa ma cikin kaya masu haɗari ake lissafa shi, kuma wanda ya ɓoye shi a cikin wasu kaya, in wuta ta tashi, shi za a nema. Batirin irin na waya ne, amma an tara da yawa wuri ɗaya, in ya kama ba ya jin ruwan bokiti. Bayan da wata sikuta ta kama da wuta a cikin jirgin ƙasa a Landan a Nuwamba 2021, hukumar sufurin birnin ta hana shiga jiragenta da motocinta da sikuta da keke mai ƙafa ɗaya tun daga Disamba na wannan shekara. Mu da muka san abin da gobarar kasuwa ke yi a dare ɗaya, bai kamata a ce sai an roƙe mu kada mu bar irin wannan a caji a cikin shago mu tafi gida ba.

Sai kuma ya gaya wa dillalinsa ƙaramin yake so, wanda aka ɗaure gudunsa a kilomita 25, ba dodon da ke yin 70 ba, ko da ribar dodon ta fi. Ya rubuta lambar keken da sunan mai saye a rasit, ya ajiye kwafi. Kada ya miƙa wa yaro, uban ya zo da kansa, a gaya masa a gaban shaida cewa wannan inji ne, kuma ɓarnar da ya yi a wuyansa take. In mai sayen ya nemi a kwance masa gudun, a ƙi. Ko a Faransa wanda ya kwance nasa ya fita daga sharaɗin doka, ya kuma ba kamfanin asirans ƙofar da zai yi masa gardama ranar da ya fi bukatarsa.

Waɗanda kuma ke da ƴaƴa ko ƙanne a Turai, masu karatu ko masu aikin kai saƙo, su kira su su tambaye su abin da suke hawa. In a Faransa yake, ya nuna muku takardar asirans ta keken kanta, ba ta ɗakin da yake haya ba. In a Jamus yake ko Ingila, ya ajiye shi, domin a can babu takardar da za ta halatta masa titi, kuma hukuncin da kotu ta rubuta wa baƙo yana iya bin sa har ranar da ya je sabunta takardar zama.